Bokitin Yaya a Bakin Tekun Pelham Bay

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Morrisania, ni da 'yata da yayana, da masa a leda don ko karyawa ba mu yi ba. 'Yar tawa tana karatun halittun ruwa a jami'a, kuma tun bara take zuwa wani kududdufi a bakin tekun Pelham Bay tana bibiyar abubuwan da ke rayuwa a cikinsa. Ta ce dole mu isa kafin ruwa ya dawo. Jirgin ƙasa ya yi ta tsaye-tsaye, bas ta shanya mu a tasha, shayin da muka saya kuwa ruwan zafi ne da tsada kawai.

Mun tarar teku ya janye, ya bar ruwa a kwarmin duwatsu. Ta durƙusa tana nuna mini ƙananan ƙaguwa, da jatan lande da ake hango cikinsu kamar gilashi, da wata halitta da ta ari gidan dodon koɗi tana yawo da shi. Duk dutsen da ta ɗaga sai ta mayar da shi yadda yake, wai rana na kashe na ƙarƙashi.

Mun matsa gaba kaɗan, ashe Yaya ya tsinto wani tsohon bokiti ya koma kududdufin nata. Muna dawowa muka tarar ya birkice duwatsun, ruwan ya dame, ƙaguwa na kokawar fita daga bokiti.

"Farfesu za a yi," in ji shi yana dariya. "Wai wannan ma karatu ne?"

Yarinyar ta ce, "Kawu," sai hawaye. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar.

"Yaya, cikin sanyi da zafi take zuwa nan. Ka mayar da su yanzu."

Ya juye yana gunaguni, amma da yawa sun karairaye. Muka yi ta gyara duwatsu har ruwa ya kai mana gwiwa. Ta ce sai dai ta nemi wani kududdufin ta faro daga farko.

A jirgin dawowa, Yaya tashar da ba tasa ba ya sauka. Har na shiga gida raina na tafasa. Mu muka koya wa yarinyar nan kunya, har aka rusa mata aikin shekara tana kallo. Kafin ta cire takalmi na ce mata, daga yau duk wanda ya taɓa aikinta ta yi magana, ko da ni ce.