Malam Abdussamadu Gulma da Akwatin Ceton Numfashi

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Abdussamadu a garin Gulma ta ƙasar Argungu a shekarar 1961. Mahaifinsa Maigandi masunci ne, sunan mahaifiyarsa Maryamu. Ya shiga firamare a 1968, ya kammala koyon aikin jinya a Sakkwato a 1984, sannan ya ƙware a fannin sa majiyyaci barci kafin tiyata.

Aiki

A 1987 aka tura shi wani asibiti a ƙasar Argungu. A damanar 1994, wata ranar Juma'a, aka kawo masa wani masunci mai suna Ummaru. Ummaru ya riƙe ƙaramar karfasa da haƙora yana warware komarsa ta kamun kifi, kifin ya suɓuce ya toshe masa maƙogwaro. Fitilar duba maƙogwaro da bututun numfashi suna kulle a ɗakin tiyata, mai riƙe da mabuɗi ya tafi masallaci. Kafin a ɓalle ƙofar, Ummaru ya cika a hannun Malam Abdussamadu.

Tun daga ranar Malam Abdussamadu ya nemi a ajiye akwatin waɗannan kayan a ɗakin karɓar marasa lafiya, ba kwaɗo, a riƙa gwada su kowace safiya. Hukumar asibitin ta ƙi saboda tsoron sata. Ya rubuta takarda goma sha bakwai, kowace da magana guda: shi lumfashi ba shi jiran mabuɗi. A 2003 aka mayar da shi Birnin Kebbi, aka ce ya cika ƙorafi. A can ya tanadi kayan nasa na kansa a jakar fata, ya koya wa ma'aikata fiye da arba'in yadda ake tabbatar bututu ya shiga hanyar iska, ba ta abinci ba.

Iyali

Ya auri Ummu Hani 'yar garin Ambursa a 1989, suka haifi 'ya'ya shida, biyu suka rasu da ƙuruciya.

Ƙarshen Rayuwa

A 2019 tsohon asibitinsa ya amince da buƙatarsa. Cikin wata uku fitilar ta ɓace, aka mayar da kwaɗo. Da labarin ya iske shi bai sake rubuta takarda ba. Ya ajiye aiki a 2021.

Ya rasu ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, bayan jinyar hawan jini, aka yi masa sutura a Gulma bayan la'asar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Nu'uman, Sunusi, Sumayya, da Munira, wadda take aikin jinya a wancan tsohon asibitin nasa na ƙasar Argungu. Ita ce ke riƙe da mabuɗin akwatin yanzu, a igiya, rataye a wuyanta. Allah Ya haskaka makwancinsa.