Tsamiyar Baba a Robar Madara

Da 'yan bindiga suka sa muka baro ƙauyenmu na yankin Ruma, abin da na ɗauko bai cika buhu ba: zannuwa, tukunya ɗaya, da wani ƙullin tsamiya da hannuna ya kai kansa ban san dalili ba. Na bar turmi, na bar akwatin kayan aurena, na ɗauko tsamiyar kunu. Ni da Baba ne kawai, don tun rasuwar mijina na koma gabansa, yayyena maza kuwa sun riga sun watse neman abinci.

A Batsari wani mahauci ya ba mu ɗaki da rumfa a gidansa, Allah ya saka masa. Matarsa, wadda kowa ke kira Hajiya, mace ce mai faɗa da mai kyauta a lokaci guda. Za ta yi miki tas a kan tsintsiya, kafin ki gama jin haushi ta aiko miki da romo.

Baba dai bai yarda zama muka zo yi ba. Ranar da na ɗauko dutse zan buga ƙusa in rataye madubin da Hajiya ta ba ni, ya riƙe hannuna.

"Kada ki ɓata ma mutane bango. Kwana nawa za mu yi?"

Haka buhun kayanmu ya zauna a ɗaure a kusurwa. In na zaro zane, sai na mayar da bakin na ɗaure, in ba haka ba ranar babu zaman lafiya. Duk ranar kasuwa yana tasha, wurin da masu babur na Ruma da Wagini ke tsayawa, yana tambayarsu hanya. Su ce masa sai addu'a, shi kuma ya dawo ya ce mini sun ce da sauƙi.

Ni ma ban iya zama ba. A gida hannuna ya saba da surfe da daka da ɓarar wake, nan kuwa ɗaki ɗaya ne, in na share shi sau biyu aiki ya ƙare. Sai in tashi, in zauna, in leƙa zaure, in dawo. A wannan leƙe-leƙen na lura da fararen robobin madara da na yogot da ake zubarwa a bakin shagon da ke ƙofar gida, har sun toshe kwata. Na fara kwaso su. Sai an wanke da ruwan zafi da toka, don tsamin madara in ya kama roba taurin kai gare shi. Wadda na yanke a wuya ta zama mazurarin manja, gindinta ya zama mazubin gishiri da daddawa. Wata na yi mata yankan karkace, ina ɗibar tsaba da ita. Na buɗe wa wata taga a gefe, 'yan tsakin Hajiya suka sami wurin shan ruwa ba tare da sun faɗa ciki ba. Na gasa ƙusa a wuta na huhhuda murfi, na sami abin yayyafi. Da na ga ina da abin yayyafi ba ni da abin yayyafa wa, na cika wasu da ƙasa da kashin awaki, na shuka yakuwa da alayyafo da albasa, na rataye su da igiya a sandunan rumfa, tunda bango an hana ni.

Hajiya ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ke in aka bar ki, gidan ma da roba za ki sake gina mamu shi."

Baba kuwa tarkace yake kiransu. In ya bugi ɗaya da hula sai ya yi tsaki.

Ranar da na dama kunu da ragowar tsamiyar nan, ranar ce wani mai babur ya gaya masa cewa wutar da aka sa wa rumbunan garinmu ta ci tsamiyar ƙofar gidanmu har ƙasa. Kakan Baba ne ya dasa ta, kuma 'ya'yanta ne na ƙullo na taho da su. A ƙarƙashinta aka raɗa wa Baba suna, a nan aka sallaci Innata. Ya dawo ya tarar na tace kunu, zan watsar da 'ya'yan. Ya tare ni da hannu biyu, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya daga cikin tukar.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ba ni tarkacen nan naki."

Shi ya yanke kawunansu, shi ya huda gindinsu da ƙusa mai zafi don ruwa ya riƙa fita, ya zuba ƙasa ya shuka 'ya'yan tsamiyar. Ba duka suka fito ba, amma waɗanda suka fito sun isa su tayar da hankalin Hajiya. Ta zo ta tsaya a kansu, hannu a ƙugu.

"Baba, mi nike gani? Tsamiya cikin gida? Ka san masu zama a kanta. Ni ban iya kwana da aljanu a tsakar gida."

"Kwantar da hankalinki, Hajiya. Baƙi ne kamar mu. Ba su taɓa maki ƙasa. Da hanya ta yi kyau zan kai su gida in dasa."

Ta ce to, ta ji, amma ya riƙe alkawari.

Ya kuwa riƙe shi da ƙarfi. Kullum in ya dawo daga masallaci da safe sai ya ɗaga kowace roba ya sauya mata wuri. Ya ce in aka bar ta wuri ɗaya, saiwar za ta bi hujin ta kama ƙasa. Da hantsi ya kai su gindin katanga, da azahar ya bi inuwa da su, da la'asar ya dawo da su bakin rumfa. Ina tsakiyar wanke-wanke in ji ya ce in matsa. Tsoho da ya yi noman gonaki uku, ga shi yana yawo da robobi a tsakar gidan wani. Wani lokaci abin ya ba ni dariya, amma ya fi ba ni haushi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, hanya ba ta yi kyau ba. Tsamiyoyin suka fi ƙarfin robobinsu. Na nemo masa manya, muka juye su, muka ga saiwa ta naɗe kanta a ciki kamar gammo. Ganye ya fara rawaya. Ɗaya ta bushe, wata ta bi ta.

Na ce, "Baba, ka kai su gonar ƙanwarka a Safana mana. Ƙasa ai ƙasa ce."

"Ba tasu ba ce."

"To sai su mutu a roba?"

"Sun kusa tafiya gida."

Ranar na yi masa maganar da ɗiya ba ta yi wa uba. Na ce na gaji. Na gaji da ɗaure bakin buhu, na gaji da duba fuskata a madubin da ke jingine a ƙasa, ina so in san inda nake. Ya ɗauki robar yayyafi ya fita.

Bazarar da ta biyo baya ta yi zafi sosai, ta bar masa uku. Ɗaya daga ciki ya ajiye ta a bayan randar Hajiya, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima. Sai ga ta ta farfaɗo. Ta yi sabon ganye, ta miƙe ta wuce bakin randar, 'yan'uwanta na nan a tsugune. Baba ya daina ɗaga ta. Ya ce ta sami wurin da take so, a bar ta ta huta. Ni ban kawo komai a raina ba. Amma shi manomi ne, ya san abin da ke sa itace ya yi irin wannan kyau, kuma har yau ban tabbata bai sani ba.

Da ruwan farko ya sauka, labari ya zo cewa an ɗan sami sauƙi, har wasu sun fara komawa suna share gonaki. Baba bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya shirya da wani mai babur, ya ce zai je ya dasa su, ya duba abin da ya rage na gida, sannan ya dawo ya ɗauke ni. Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a. Na kawo kwali, ya ɗauki robobi biyun nan ya jera. Ya zagaya bayan randa ya kama ta ukun.

Ta ƙi ɗaguwa.

Ya sake ja a hankali, ƙasar da ke kewaye da ita ta motsa. Ya durƙusa ya tona da yatsa. Saiwar ta bi hujin da ya huda da hannunsa, ta tsaga gindin robar, ta nutse cikin ƙasar Hajiya, kaurinta ya kai ɗan yatsana. A waje mai babur yana ta danna oda.

Ya ce, "Kawo wuƙa."

Na kawo wadda nake yanka robobi da ita. Na san in ya datse saiwar nan, da wuya ta kai gida da rai, sauran biyun kuwa dama da kyar suke numfashi. Ya daɗe da wuƙar a hannu. Sannan ya sa bakinta a jikin robar, ya tsaga ta daga sama har ƙasa, ya ɓare ta ya ajiye gefe. Ya tattaro ƙasa da tafin hannunsa ya rufe gindin, ya danna.

Ya miƙe, gwiwoyin rigar duk laka, ya je ƙofar ɗakin Hajiya ya yi sallama. Ta fito tana gyara mayafi.

"Hajiya, na saɓa maki alkawari. Ta kama ƙasa. In kin ce a cire, yanzu sai in cire."

Hajiya ta je ta duba. Ta dubi tsamiyar, ta dubi tsagaggiyar robar, ta dubi Baba. Na jira faɗa, ban ji ba.

Ta ce, "Ni dai ban kula da itacen aljanu. In an bar ta, wa zai riƙa ba ta ruwa?"

Baba ya ce, "Ni."

Ya fita ya sallami mai babur. Abin da na daɗe ina so in ji daga bakinsa ke nan, kuma da na ji shi ban yi murna ba ko kaɗan. Na shiga ɗaki na zauna a kan buhun kayanmu, na kama igiyar bakinsa, na kasa kwancewa.