Ɗakin Kan Dutse Mara Makulli

Gidanmu na garin Bowie, a Amurka, yana da murhu a falo, irin mai bututun hayaƙi, amma har na kai shekara tara ban taɓa ganin wuta a cikinsa ba. Fulawar roba Mama ta jera a wurin. Sai da Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga Katsina ta yi hunturu ɗaya da mu. Ta ce ita ba ta yarda da iskar ɗumin nan da ke fitowa ta ƙasan bango ba, ɗumin da ba a ga wutarsa ba ai na aljanu ne. Baba, duk da injiniyancinsa, haka ya je ya lodo itace a bayan mota.

Da an idar da magariba sai ta zauna dirshan a gaban wutar, ta miƙe ƙafa, tana gasa mana gyaɗa a murfin tukunya. Ni da ƙanwata Safiya mu matso. A waje dusar ƙanƙara na sauka shiru, a ciki kuma muryar Kaka na kai mu dazuzzukan da ba mu taɓa gani ba. Muna jin Hausa sarai, amma da Turanci muke mayar da amsa, abin kuwa yana damunta. Ni take tsokana, domin "Maigida" take ce mini.

"Wane irin miji ne wannan da sai an nemo tafinta kafin ya yi wa matarsa magana? Maigida, ko sau ɗaya ka ba ni amsa da Hausa kafin in koma."

Wata yamma ta ɗauko tatsuniyar wani falke da ya doshi ƙasar duwatsu, inda sanyi ke mayar da ruwa dutse. Ya bi ƙauyukan gindin dutsen yana neman masauki, kowace ƙofa a garƙame. Ya yi ta hawa har ya baro gajimare a ƙarƙashinsa, ƙafafunsa sun daskare, ya fara kalmar shahada. Sai ga wani ɗan ɗaki shi kaɗai. Ya yi sallama sau uku, shiru. Ya tura ƙofa ta buɗe, don ba ta da makulli. Ba mai gida, ba mai gadi, amma ga itace an sara an jera, ga bargo an ninke, ga ƙyastu a bakin murhu.

Ni kuwa yaron Bowie ne. Ƙofarmu makulli biyu gare ta, ga na'urar da ke ihu idan an taɓa taga. Na ɗaga kai, na haɗa kalmomina tsaf, na ba ta cikakkiyar jimlar Hausa ta farko da ta taɓa ji daga bakina.

"Kaka, ƙarya kike yi."

Safiya ta rufe baki da hannu. Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni, ta juya gyaɗar, ta ce, "To, Maigida ya iya Hausa." Ta tashi ta shige ɗaki. Ta ci gaba da yi mana wasu tatsuniyoyin har ta koma gida, amma ba ta sake taɓa ta falken nan ba. Ni ma ban taɓa ba ta haƙuri ba. Na girma da abin a raina, duk gaisuwar sallah a waya sai na ji shi ya tokare ni, in kasa fitar da shi.

Shekara ashirin da wani abu bayan nan, ina zaune a Alexandria ta Amurka da matata Zainab, muka ɗauki hutu muka tafi yawon ƙafa a duwatsun Ostiriya. Mun saba da hanyoyin Amurka, inda duk kwanar da ka sha akwai otal a buɗe, don haka ban kama ɗaki ko ɗaya ba. Zainab ta yi magana, na ce ta bar mini komai. Ashe a ƙarshen kaka ƙananan masaukan kan dutse rufewa suke yi, masu su su sauka gari. Na farko da muka iske a rufe, na biyu ma haka. Wajen la'asar muka isa na uku, tagoginsa duk an toshe su da katako, ga dusar ƙanƙara ta fara zuba, hanyar da muka biyo tana ɓacewa. Zainab ta daina yi mini mita, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

A gefen ginin na hangi wata 'yar ƙofa. Na tura ta don kawai kada a ce ban gwada ba. Ta buɗe.

Murhun ƙarfe ne a tsakiya, itace a jere har kusan rufi, barguna a ninke, ashana a cikin kwalba don kada ta jiƙe. Babu kowa. Daga baya na ji al'adarsu ce su bar irin wannan ɗaki a buɗe saboda wanda sanyi ya ritsa da shi. Muka hura wuta, muka yi ta tura itace ba ƙaƙƙautawa. Da gari ya waye na fito, sai ga gajimare shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafuna, kawunan duwatsu sun yi jajir da hasken rana. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Muna sauka gari na kira Katsina. Aka kai wa Kaka wayar, ta tsufa sosai amma kunnenta garau.

"Kaka, na ga ɗakin falken nan da idona. Gaskiya kika faɗa. Ki yafe mini."

"Wannan ai tuni, Maigida. Kun ji ɗumi?"

"Mun ji, Kaka."

"Kun sara wani itacen kun mayar?"

Na tuna gatarin da ke jingine a bayan ƙofa, da gungumen da ke rumfa, na wuce su ko a jikina.

"Ka gani ko? Da ka bari na ƙarasa. Falken nan shi ma cinye itacen ya yi ya kama hanya. Gajimare ya rufe shi, ya wuni yana zagaye, sai ga shi a ƙofar ɗakin nan dai, murhu ya huce, ba ko tsinke. Shi ne baƙon da ya zo a bayan kansa."

Duk shekarun nan na ɗauka tatsuniyar a kan ƙofar da ba a kullewa take, ashe ban ji ko rabinta ba. Ni na tsaya ina mamakin abin da na tarar, ita kuwa hankalinta na kan wanda bai iso ba tukuna. Na fara yi mata bayanin cewa tafiyar awa uku ce a kan tudu, kuma jirginmu jibi ne.

"Jibi ai ba gobe ba ne," in ji ta. "Tashi ka koma."

Washegari da sassafe na sa takalmina na koma.