Askar Gwadabe a Ƙofar Makaranta

Gwadabe Wanzami mutumin Goron Dutse ne, a nan ya gaji zabira daga mahaifinsa. Shekara da shekaru babu gidan da za a yi suna, daga unguwarsu har Ƙofar Na'isa, ba a aika masa ba. Abin alfaharinsa hannunsa na dama ne, wanda mata ke cewa jariri yakan yi barci a ƙarƙashinsa. Da shagunan aski masu inji suka cika gari, kaciya kuma ta koma asibiti, sai zabirar ta fara yini a rataye. Askin suna kaɗai ya rage masa, shi ma don hannun bai taɓa rawa ba.

A wannan hali ne wata makarantar sakandare ta maza da ke kusa da ganuwa ta sauya dokokinta. Bakin dorina ne ya tsiyaye wa wani ɗalibi ido, iyaye suka tayar da ƙura, sabon shugaban makarantar ya haramta duka baki ɗaya. A maimakonsa aka tsaurara kan sutura da gashi. Wanda ya zo da tsukakken wando, almakashi zai tsarge masa shi har gwiwa. Wanda ya tara suma ko ya yi askin gayu, za a ratsa masa aska daga goshi zuwa ƙeya, ya yini a aji a haka.

Malam Hashim, malamin ladabtarwa, wanda rabuwa da dorina ta yi masa zafi ƙwarai, shi ya je har zaure ya ɗauko Gwadabe. Tsohon ya bayyana masa cewa aska ba ta hawa busasshen kai, sai an jiƙa shi da ruwa da sabulu, kuma sai mai kan ya natsu da kansa. Malam Hashim ya yi dariya.

"Baba, ba kwalliya muka kira ka ka yi musu ba. Titi ɗaya ne, ka wuce na gaba."

Gwadabe ya san ba daidai ba ne, amma ya tuna da iyalinsa, ya karɓa. Kowace Litinin sai ya zauna a kan benci a bakin ƙofa, firifet, wato shugabannin ɗalibai, su danne yaro, shi kuma ya kankare a bushe, kan yana fizga, fata tana tsattsafo da jini. Yara suka sa masa suna Baba Mai Titi. In ya wuce a lungu sai su bi shi suna tambayar yaushe za a zuba kwalta.

Wata Litinin aka tare Ɗalha, ɗan ajin ƙarshe, ƙaton saurayi, autan Hajiya Kulu ta gidan mahauta. Ya aske gefe da gefe ya bar tozo a tsakiya. Da aka turo shi gaban bencin, sai ya durƙusa ya gai da Gwadabe.

"Baba, kai ka yi mini askin suna. Ka sa baki a bar ni in je shago yanzu in sauke shi duka."

Gwadabe ya dubi Malam Hashim. Malamin ya ce in an bar ɗaya, gobe ɗari za su roƙa, ya umarci firifet su kama shi. Ɗalha ya naushi na farko a baki har haƙori ya faɗo, ya maka na biyu da ƙofar ƙarfe. Sauran suka rufar masa, suka kayar da shi rub da ciki, suka murɗe hannayensa ta baya. Malam Hashim, da dokar ta raba shi da bulala amma ba ta ambaci gwiwa ba, ya ɗora tasa a wuyan yaron, ya daka wa Gwadabe tsawa ya yi aikinsa.

Nan ne ya kamata tsohon ya naɗe askarsa. Bai naɗe ba. Ya ɗora ta a goshi, Ɗalha ya yi wani irin fizga, askar ta zame ta tsarge fatar kai tun daga sama har ta raba kunne biyu. Jini ya wanke farar riga.

Ɗaliban da ke jere a filin taro sun ga komai. Dutse na farko ya fasa gilashin ofis, sauran suka biyo kamar ƙanƙara. Aka kakkarya bencina aka yi makami da ƙafafunsu. Firifet suka tsallake katanga, Malam Hashim kuwa an cim masa kafin ya kai ofis, aka yi ta dukansa da bel ɗin wando da katako har ya daina kare fuskarsa. Wasu suka tara almakasai da tsargaggun wanduna suka cinna musu wuta.

Gwadabe bai gudu ba. Ya yar da askar, ya tattaro fatar da ta buɗe, ya haɗa ta da kunnen, ya danne da tafin hannunsa na dama, ya ɗora kan yaron a cinyarsa. Yana nan a haka labari ya kai kwata wurin mahauta, Tanko yayan Ɗalha ya iso da abokansa, jinin yanka bai bushe a rigunansu ba, kowa da gora. Tanko ya tambayi wane hannu ne ya yi wannan aiki. Aka nuna masa. Ya ɗaga gorar.

"In ka doke shi yanzu, jinin ƙaninka ne zai zuba," in ji Gwadabe. "Ku kawo abin hawa. In an karɓe shi, ga hannun."

Aka taro adaidaita sahu, Gwadabe ya shiga da kan a cinyarsa, bai sassauta ba har sai da ma'aikatan asibiti suka zare yatsunsa da kansu. Da ya fito, Tanko na jiransa a bayan katanga. Tsohon bai roƙa ba, babu kuma wanda ya riƙe shi. Shi ya shimfiɗa hannun a kan dakali, gorar ta sauka, ƙasusuwan yatsu suka ba da ƙara kamar an taka busasshen kara.

Ɗalha ya warke da tabo da kunne mai gaɓa. An rufe makarantar na ɗan lokaci, da aka buɗe sai aka soke titi, aka koma tura mai suma shagon da ke tsallaken hanya ya sauke ta ya dawo. Hannun Gwadabe kuwa ya haɗe a karkace, babban yatsa ba ya saduwa da manuni.

Bayan shekara guda matar Tanko ta haihu. Hajiya Kulu ta aika a gaya wa Gwadabe cewa tun zamanin surukinta ba a taɓa aske jariri a gidan nan ba sai da wanzamin gidan su Gwadabe, kuma ba a kanta za a fara ba. Ya je. Tanko na zaune a ƙofar gida cikin 'yan suna, ya sunkuyar da kai har tsohon ya shige. Aka miƙo jariri, Gwadabe ya zaro aska, ya gwada riƙe ta, ta suɓuce ta faɗi a tabarma. Ya ɗauke ta da hagu ya miƙa wa Gambo, wani wanzami na Ƙofar Dawanau da ya roƙa ya rako shi. Sa'an nan ya nemi ruwan ɗumi, ya tallafi kan da karkataccen hannunsa, ya yi ta jiƙa gashin a hankali, bai bari aska ta matso ba sai da jaririn ya yi barci.