Bututun Biro a Jikin Kusa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan jiya, 'yarka ta fari ta tsaya a ƙofar shagona ta ce, "Baba, abokinka ya cika." Ina riƙe da dalma, ban san lokacin da ta suɓuce daga hannuna ba.

Shekara talatin bango ɗaya ne tsakanin shagona da naka, duk muna gyaran amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Ni na laƙaba maka Mai Biro, domin ba ka wuce mataccen biro a hanya. Sai ka yanke bututunsa ka zura wa kusar da ke ɗaure taransifoma, ka sa zoben kwali sama da ƙasa. Ka ce in kusa ta taɓa ƙarfen tsirara, wuta na zagaye a banza, ƙarfe ya ɗau zafi, sauti ya rage ƙarfi. Na ce aikin marar aiki ne.

"To, gwani," kakan ce, "Allah ya bar mu da biron namu."

Akwai shekarar da kayan da na gyara suka riƙa dawowa da zafi kamar dutsen guga, har masu kawo aiki suka fara gudu na. Girman kai ya hana ni tambayarka. Can sai ƙorafi ya ɗauke, aka shiga cewa hannuna da sanyi. Na karɓi yabon nan hannu biyu, har gori na yi maka da shi.

Makon jiya aka kawo wata tsohuwar amfilifaya da na gyara tun wancan lokaci. Da na kwance ta, sai ga shuɗin bututun biro a jikin kowace ɗaya daga kusoshinta huɗu. Ni kuwa ban taɓa sawa ba. Ashe duk ranar da na tafi cin abinci na bar maka tsaron shago, abin da kake yi ke nan. Ka rufa mini asiri, ka bar ni ina yi maka dariya. Na zauna na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Jama'a ku shaida, sunan da nake ci da shi nasa ne.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya rufa maka asiri ranar gobe. Ina yi wa uwargidanka da 'ya'yanka da jikokinka ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙurin rashi. Wanda bironsa ya mutu kuma, don Allah kada ya yar, ya kawo mini.