Bizar da na buga wa Ɗanjuma

Kafin in lalace, ni mai cika wa mutane takardu ne a bakin kasuwar Yelwa. Ina da tebur da biro, rubutuna kuma yana da kyau. Masunta ba sa ba ni komai sai godiya da ƙullin bandar kifi, kuma hakan yana isata.

Ɓarnar ta fara ne daga rage shekaru. Wani ya roƙe ni in zabge masa biyar a takarda, na zabge, ba abin da ya faru. Da aka ba mu jihar Kebbi, mutane suka rikice, wasu na cewa Sakkwato ake neman fasfo, wasu na cewa Birnin Kebbi. Na ga ƙofa ta buɗe. Na sa aka sassaƙa min hatimi da roba, na fara cewa ina da hanya.

Na san gaskiyar lamarin sarai. Bizar Umra ta ɗan lokaci ce. Mai son zama a Saudiyya sai ya sami wanda zai tsaya masa a can, a ba shi bizar aiki, sannan takardar zama. Ni kuwa duka ukun a kan teburina nake buga su.

Sai ga Ɗanjuma, wani masunci daga ƙasar Ngaski. Kifi ya ja baya, yana son ya je Jidda ya yi ƙwadago ya riƙe mahaifiyarsa da 'ya'yansa. Ya sayar da jirginsa da injin da tarunsa, ya kawo min kuɗin da fasfo, na danna masa hatimi.

Ana gobe tafiya ya bi gida gida yana neman gafara, yadda masu zuwa ƙasa mai tsarki suke yi. Har teburina ya zo, ya durƙusa.

"Malam, in na taɓa saɓa maka, ka yahe min. Tahiya ce, ba a san dawowa ba."

Fasfon yana aljihunsa, ina hangen gefensa. Kalma ɗaya ce za ta cece shi, ta zo min har baki. Na ce, "Na yahe. Allah shi kai ka lahiya."

A filin jirgin Kano aka kama shi. Kwana huɗu yana rantsuwa cewa Malam ba zai cuce shi ba, kafin ya faɗi sunana. Rana tsaka 'yan sanda suka zo, ina cika wa wani takarda, hatimin yana cikin aljihun tebur. Shekara uku na yi a gidan yari, kuma ban ce an zalunce ni ba.

Da na fito na tuba, na nufi ƙauyensu. Ashe tun da aka sake shi bai koma gida ba. Mutumin da ya yi ban kwana da gari duka, da wane ido zai dawo hannu rabbana, ba Makka ba jirgi? Mahaifiyarsa tana gyaran kifin wasu a bakin ruwa. Ba ta zage ni ba.

"Kai ka san hanyad da ka sa shi," in ji ta. "Tahi ka maido min ɗana."

Samari, duk mai son fita waje ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin hukuma ya tambaya, ko layin zai kai yamma. Wanda ya ce muku yana da hanya, irina ne. Kada kuma ku raina ƙaramar ƙarya. Na je Kano sau shida ina cigiyar Ɗanjuma a tasha da kasuwar kifi. Tsohuwar ta rasu bara, ban kai mata shi ba.