Kibiyar da Ya Zana Daga Cikin Mota

Mai Kibiya kowa ke ce masa, har matarsa in ya ɓata mata rai. Shekara ashirin da biyu ke nan, duk lokacin da ƙungiyar masu keke za ta yi tserenta na shekara, shi ke fita da gwangwanin farin fenti da buroshi ya zana wa mahaya hanya a kan kwalta. Ba a ba shi ko sisi. Amma da za a ce bana wani za a ba aikin, da an ga rigimar tsoho.

Da keke ya ci abinci tun yana saurayi. Shekara goma sha bakwai ya yi yana raba wasiƙu ƙauye ƙauye, a ƙasar da ba ta san miƙewa ba: ka hau tudu, ka gangara, kafin ka gama murna wani tudun ya tsaya maka a gaba. Da mutane suka daina rubuta wasiƙa sai ya buɗe rumfar gyaran keke a bayan tasha, ya koma faci da ɗaure sarƙa. Ya san hanyoyin nan fiye da tsakar gidansa. Baƙi masu kekuna masu tsada kan tsaya a tudun tankin ruwa su ɗauki hoton gonaki, ko su yi ta mamakin tsohon injin niƙan da jemagu suka gaje, ko tafkin da balbela ke sauka. Shi kuwa in ya zo wuraren nan ƙasa yake kallo, inda kwalta ta tsage da inda yashi ke taruwa bayan ruwan sama.

Alamominsa uku ne kacal. Kibiya, wato tafi abinka. Layi uku a gicciye, wato kama birki. Da'ira, wato sauka ka tura. Kuma bai taɓa ɗiga fenti a wurin da bai bi da tayarsa ba. Saboda haka mahaya suka yarda da shi yarda mai ban tsoro. In suka ga kibiya ita kaɗai a kan gangare, sai su sunkuya su saki keke, ba wanda ke ko taɓa birki.

Bana ne abin ya canza. Wata huɗu da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a rumfa da famfo a hannu. Likita ya ce zuciya ce, kuma daga yau ba shi ba keke. Matarsa ba ta tsaya dogon zance ba, ta sace iskar tayoyin kekensa, ta kulle keken a ɗakin ajiya, ta ɗaure makullin a gefen zaninta.

"Malam, in kana son hawa sai ka fara hawa kaina," in ji ta.

Don haka da tsere ya ƙarato, mijin babbar 'yarsa ne ya ɗauke shi a mota. In sun zo mararraba ya fito ya zana, ya koma ya zauna kamar wani babban baƙo. Aikin kwana biyu suka gama shi kafin la'asar. Surukin yana ta yaba sauri, shi kuwa yana ta tsaki ba tare da ya san dalili ba.

Ranar tsere, ƙarfe bakwai na safe, mahaya suka tashi daga filin makarantar firamare. A cikinsu akwai Auta, 'yarsa ta ƙarshe, malamar lissafi, wadda ya koya wa keke tun ƙafarta ba ta kai feda ba. Bara ta zo ta huɗu, ta shekara tana cizon yatsa. Babur ya wuce gaba yana buɗe musu hanya, motar surukin ta bi bayansu da ruwa da kayan gyara. Fili ya yi shiru, sai mata masu jera kofuna, da alƙalin tsere da agogonsa, da Mai Kibiya a kan benci yana jin kansa kamar kayan da aka manta.

Kusan minti arba'in da tashinsu wani direban tarakta ya tsaya shan shayi, ya zo ya gaishe shi.

"Baba, na ga aikinka a hanya. Yau yaranka za su ji daɗin gadar ƙasan gangare."

"Na ga an gyara ta," in ji Mai Kibiya. "Jiya mun bi ta kai, ko ƙara ba ta yi."

"Ai ba za ta yi ba. Da can katakon a gicciye yake, shi ya sa take gargada. Yanzu a miƙe suka jera shi, bi da hanya. Har sun bar tsakani don ruwa ya riƙa zubewa, kana tafe kana hango rafi a ƙasa."

Mai Kibiya ya ajiye kofinsa a hankali.

"Tsakanin kamar yaya?"

Direban ya haɗa yatsu biyu ya ɗaga.

Tayar keken tsere ba ta fi faɗin babban yatsa ba. Mota za ta wuce gadar nan ba ta ji komai ba, babur ma haka. Amma keke da ya sauko daga wannan gangaren a guje, tayar gaba za ta faɗa tsakanin katako ta tsaya cak, mahayin kuma ya ci gaba da tafiya da kansa. Da a keke ya bi jiya, da tun taku goma kafin gadar idonsa ya gani. A mota ya bi, yana jingine, ya ji shiru ya ce madalla. A saman gangaren kibiya ya zana, ita kaɗai, doguwa, har da gyara mata baki. Kuma jiya da yamma, da bakinsa, ya ce wa Auta: "Gangaren gada kyauta ce. Kada ki taɓa birki, a nan za ki bar su."

Ya lalubo waya. Ya kira surukin, ba ta shiga. Ya kira mai babur, ba ta shiga. Ya kuma san ba za ta shiga ba, don daga injin niƙa har gada kwari ne, ba sabis.

"Lafiya, Baba?" in ji direban.

"Taraktarka za ta bi ta turbar gonaki?"

"Ina! Ko amalanke ba ya bi."

Ya yi lissafi a tsaye. Ta kwalta, na gaba za su kai gada nan da minti arba'in da biyar. Ta turbar da ya riƙa yankewa da jakar wasiƙu, tudu biyu ne da gangare ɗaya, a da yakan yi ta a rabin awa. A da ɗin nan kuwa shekararsa talatin.

Keken mai gadin makaranta na jingine a bango, baƙi, mai nauyin tsiya. Ya san shi sarai, shi ke gyara shi, birkin baya kaɗai ke ci. Ya kama shi ya juya.

"Malam!" Muryar matarsa ce daga wajen kofuna. "Malam, me zan gani haka?"

"Auta ce," ya ce. Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, ya taka feda.

Tudun farko ya zo masa da sauƙin da ya ba shi mamaki, ƙafa ba ta manta ba. Masara ta rufe shi dama da hagu, ganye na marin fuskarsa. Sai a tsakiyar tudu na biyu ya ji abin ya zo, wani nauyi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora masa buhu. Ya san shi, shi ne na ranar rumfa. Hannun hagu ya fara tsami. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, ba na mutuwa kawai ba, na ya mutu a nan cikin masara inda ba wanda zai sani sai an gama kwasar yara a gada.

Ya sauka ya tura. Rabon da ya tura keke a wannan tudun tun yana koyon aiki, yau ga shi yana jan ƙafa yana haki, yana zagin kansa. Tsohon banza, wa ya aike ka? Da ka ce ba za ka iya ba, da an sa wani ya bi da keke. Amma ina, kai a dole sai an ga hannunka a kwalta. Ya tuna yadda ya tsaya a kan gangaren yana gyara bakin kibiyar, yana jin daɗin kyanta, sai ya ji kamar ya kwanta ya yi kuka. Bai da lokacin kuka, ya ci gaba da turawa.

A saman tudun ƙasa ta buɗe. Ga tafkin can yana ƙyalli, ga kwalta tana lanƙwasa tsakanin gonaki, tana ɓacewa tana fitowa. A kanta, nesa, ya hango ɗigo ɗigo masu launi suna hawan tudun ƙarshe kafin gangaren. Sun fi lissafinsa sauri.

Ya hau ya saki keken. Turba ce ta shanu, duk ramuka da saiwoyi, keken mai gadi na kuka ta ko'ina. Ya matse birkin baya, ya ji yana ci kamar ba ya so. Sau biyu ya sa ƙafa a ƙasa, takalmi ɗaya ya tafi, bai waiwaya ba. Turbar ta fito da shi kan kwalta kamar taku ɗari sama da gadar, daidai lokacin da mai babur ya wuce fuu. Ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Babur ya haye gada lafiya lau ya yi gaba.

Ya juya ya dubi sama. Mahayi ɗaya ya ɓullo a kan gangaren, shi kaɗai, da tazara mai kyau tsakaninsa da na baya. Auta ce. Ko ba rigarta mai ruwan ɗorawa zai gane ta, don shi ya koya mata wannan sunkuyon, haɓa kusa da kan keke, gwiwa a matse. Tana yin abin da ya ce, ba ta taɓa birki ba.

Murya babu. Ya ja keken mai gadi ya kwantar da shi a gicciye a tsakiyar hanya. Ya tuɓe rigarsa, ya tsaya a gaban keken, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana kaɗa rigar da hannun da ke aiki. Tana zuwa, tana girma a idonsa, kanta a ƙasa. Ɗago, ya ce a ransa. Auta, ɗago kanki. Har ya fara jin kukan tayarta a kwalta.

Ta ɗago.

Ya ji ƙarar birki, ya ga tayar baya ta yi gefe. Keken ya kwanta, ita da shi suka taho suna jan ƙasa, suka wuce ta gefensa har iskar ta taɓa shi, suka tsaya a cikin ciyawar bakin hanya. Na bayanta da suka ga haka suka fara kama birki suna ihu, wannan na gaya wa wancan, har sama.

Ta tashi zaune. Gwiwar hannunta ta saɓule, jini na bin yatsunta, hular kwano ta karkace.

"Baba? Baba, me ka yi haka? Ni ce a gaba! Ka gan ni kuwa? Ni ce a gaba!"

Tana kuka tana faɗa, don takaici. Ya nuna mata gadar da hannu, sannan ya zauna daɓas a kwalta.

Wani dogon mahayi ya tura kekensa zuwa bakin gadar, a hankali, da hannu. Taku biyu tayar gaba ta shige tsakanin katako har rabi, ta maƙale. Ya ja, ta ƙi fita sai da ya sa ƙarfi. Mutum fiye da ashirin suka taru suna kallon tayar.

"Wa ya duba hanyar nan?" in ji dogon, ransa a ɓace.

Mai Kibiya ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa.

"Ni ne. A mota na bi."

Da sun zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Biyu suka koma sama a guje don tare sauran. Wasu suka saɓa kekunansu a kafaɗa suka fara hayewa da ƙafa, suna kallon ruwa ta tsakanin katako.

Auta ta rarrafo ta zauna kusa da shi. Faɗan ya tafi, ta kasa ɗauke ido daga gadar.

"Tashi," ya ce mata. "Ɗauki kekenki ki haye. Za ki iya kamo su."

"Baba, leɓenka ya yi baƙi."

"Na ce ki tafi."

"Yi shiru ka yi numfashi, don Allah."

Ta jingina shi da jikinta, ta ɗaga murya ta ce wani ya koma ya taho da mota maza. Shi kuwa da yake ta cewa ta tafi, sai ga shi ya kama wuyan hannunta, wanda ke jinin, ya riƙe gam. Yana jin jijiyarta na bugawa da sauri a ƙarƙashin yatsunsa. Ta ce yana mata ciwo, ya ce ya sani, bai kuma saki ba har motar ta iso.